Daskararren da ke Gudana: Abin da Ake Gani Idan Sanyi Ya Kai Maƙura

Duk ɗalibin ƙaramar sakandare a Gwiwa ko Roni ya haddace cewa abu kashi uku ne: daskararre, ruwa da iska. Dutse yana zaune inda aka ajiye shi, ruwa yana bin gangare, tururi yana watsewa. Darasin daidai ne, kuma da shi ake cin jarrabawa. Sai dai a farkon shekarar 2019 ɗakunan bincike uku, ɗaya a Pisa ta Italiya, ɗaya a Stuttgart ta Jamus, ɗaya a Innsbruck ta Ostiriya, sun fito kusan a lokaci guda da hotunan wani abu da bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Ƙwayoyin zarrarsa sun jeru a layi, tazara daidai wa daida, irin jeruwar da ake samu cikin gishiri ko ƙanƙara. Amma kuma a wannan halin suna kwarara daga wannan gurbi zuwa wancan ba tare da wata tirjiya ba, kwararar da ko ruwan sama bai iya ta. Masana suna kiransa sufasolid, wato daskararre mai gudana. An fi shekara 50 ana gardama a kan ko Allah Ya halicci irinsa.

Hanyar da aka bi aka kai gare shi ta fara ne da sanyi. Abin da muke ji a jiki muna cewa zafi, motsin ƙwayoyin zarra ne. Iskar da ke cikin ɗaki, ƙwayoyinta suna tsere da gudun kusan mita 500 a sakan ɗaya, suna karo da juna da bango ba hutawa. Sanyaya abu shi ne rage musu wannan gudu, kuma tunda gudu yana da inda yake ƙarewa, sanyi ma yana da ƙasa da ba a wuce ta: digiri 273.15 ƙasa da daskarewar ruwa. Daga nan ma'aunin Kelvin yake fara ƙirga. Daren hunturu mafi tsanani a ƙasar Kazaure, lokacin da jaura ke fasa ƙafa, ma'auni yakan sauka wajen digiri 10, wato Kelvin 283. Sararin samaniya mai duhu tsakanin taurari yana kan Kelvin 2.7. Gas ɗin da aka samu sufasolid a cikinsa yana zaune ne a kan kashi ɗaya cikin miliyan goma na Kelvin guda, ko ƙasa da haka. A wannan sanyin ƙwayar zarra ba ta wuce 'yan milimita a sakan.

Matakin farko na kaiwa can da haske ake yin sa. Ana zuƙe iskar wani ƙaramin akwatin ƙarfe da gilashi ƙaƙaf, a saki ɗan tururin ƙarfe a ciki, sannan a haska shi da lesa daga kusurwa shida. An daidaita launin hasken yadda duk ƙwayar da ta nufi wani ɓangare, hasken da ke fuskantarta ne zai fi bugunta, ya tare mata hanya. Wannan dabara ta ba Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997. Amma hasken yana da iyakarsa, kuma mataki na biyu mutumin Jigawa ya fi kowa saninsa.

A tsakiyar shekarun 1990 marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Dutse, ɗan gidan magina tukwane, ya fara yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa. Ana saka ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ƙwayoyin ruwan da suka fi ƙarfin motsi su ne suke tsallakewa ta jikin yumɓu su bi iska, su tafi da zafin, waɗanda suka rage kuwa masu sanyin jiki ne. Gautar da kan lalace cikin kwana 3 sai ta kai kwana 27. Aikin ya kawo masa lambar Rolex a shekarar 2000. To, abin da ake yi wa gas ke nan a Innsbruck. Ana tsare ƙwayoyin cikin tarkon haske ko na maganaɗisu, a riƙa rage tsayin bakin tarkon sannu a hankali, masu zafin kai su fice, sauran su daidaita a tsakaninsu. Ana asarar fiye da kashi 99 cikin ɗari. Abin da ya rage 'yan dubun-dubata ne kawai, gajimare ƙarami wanda tsawonsa bai wuce kaurin silin gashi ba, kuma ya fi iskar da muke shaƙa sirantaka kusan sau dubu ɗari.

A nan ne ƙa'idojin kwantam suke fitowa fili. A dokarsu kowace ƙwaya tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma duk lokacin da gudunta ya ragu igiyar tana ƙara faɗi. Idan sanyi ya kai, igiyoyin dubban ƙwayoyi sukan shiga juna har a kasa cewa ga wannan ga waccan, su koma igiya guda mai motsi da murya ɗaya. Satyendra Nath Bose, malami a Jami'ar Dhaka, shi ya aika wa Albert Einstein lissafin da ya buɗe ƙofar a 1924, Einstein ya fassara shi zuwa Jamusanci da hannunsa, ya kuma ɗora a kai ya yi hasashen wannan dunƙulewa. Shekara 70 ta wuce kafin a gani. Ranar 5 ga Yuni 1995 Eric Cornell da Carl Wieman suka same ta a Boulder ta Amurka da ƙwayoyin rubidiyam kusan 2,000, bayan 'yan watanni Wolfgang Ketterle ya biyo da sodiyam a MIT. Su ukun suka raba Nobel ta 2001. Irin wannan dunƙule yana kwarara ba tirjiya, ɗabi'ar da Pyotr Kapitsa a Mosko da John Allen da Don Misener a Cambridge suka fara gani cikin ruwan hiliyam a ƙarshen shekarun 1930.

Duk da haka rubidiyam da sodiyam ba su da wata rigima. Ƙwayoyinsu ba sa sanin juna sai sun yi karo, su ture juna, kowa ya kama gabansa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Saƙar ta fara ne lokacin da aka nemo ƙwayoyin da ke jin juna daga nesa.

Wasu ƙarafa kowace ƙwayarsu ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai kai da gindi. Tilman Pfau ya dunƙule kuromiyam a Stuttgart a 2005, Benjamin Lev da mutanensa suka yi nasara da disfirosiyam a Amurka a 2011, Francesca Ferlaino ta yi da arbiyam a Innsbruck a 2012. Idan aka ba maganaɗisun rubidiyam maki 1, kuromiyam yana da 6, arbiyam 7, disfirosiyam 10, kuma tunda ƙarfin da ke tsakanin ƙwaya biyu yana tafiya ne da makin an ninka shi da kansa, na disfirosiyam ya ninka na rubidiyam sau 100. Waɗannan ƙarafa ba baƙi ba ne gare mu kamar yadda sunansu ke nunawa. Arbiyam ne ake cakuɗawa cikin zaren gilashin intanet don ƙara wa haske ƙarfi a doguwar hanya, saboda haka mai yiwuwa saƙon da ke shigowa wayar hannu a kasuwar Gwiwa ya ratsa ta cikinsa. Kuma arbiyam da disfirosiyam da danginsu ana samun su cikin yashin monazayit, wanda yake jibge a tsofaffin wuraren haƙar kuza na Jos.

Halin maganaɗisu biyu shi ne asalin labarin. Idan aka sa filin maganaɗisu daga waje, duk ƙwayoyin sukan fuskanci gefe ɗaya. Biyun da ke kafaɗa da kafaɗa suna ture juna. Biyun da ɗaya ke bisa kan ɗaya, kai ga gindi, suna jan juna. Ƙarfi ɗaya ne, amma ko ja ne ko turi ya danganta da inda maƙwabci yake tsaye, kuma yana kai wa nesa, ba sai an taɓa ba. Ga kuma turin karo na kusa, wanda mai bincike yake iya ƙarawa ko ragewa ta hanyar murza ƙarfin filin maganaɗisu kaɗan, dabarar da aka fara nunawa a MIT a 1998. Ga tarko yana matse gajimaren ta sama da ƙasa, yana hana ƙwayoyin yin dogon layin da suke so. Kowa yana ja, babu mai saki.

Lissafin da aka dogara da shi a lokacin ya ce ƙarshen wannan jayayya ɗayan biyu ne. In turi ya rinjaya, gajimare ya zauna lafiya, sumul. In ja ya rinjaya, ya rufta cikin kansa ya tarwatse. An ma ga ruftawar a Stuttgart a 2008 da kuromiyam, tarwatsewar ta fito da siffar fure mai kunne huɗu. Saboda haka a 2015, da Holger Kadau da abokan aikinsa a ɗakin Pfau suka rage wa disfirosiyam turin karo, abin da suke jira ke nan. Sai gajimaren ya rabu zuwa 'yan ɗige-ɗige, wani lokaci har goma, suka jeru a tsarin kusurwa uku, suka yi zamansu. Ba su rufta ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma an ɗauki watanni ana neman dalili.

Dalilin ya kasance wani ɗan ƙaramin gyara da Tsung-Dao Lee da Kerson Huang da Chen Ning Yang suka lissafa tun 1957. A dokar kwantam babu abin da ke tsayawa cik, ko a sanyi na ƙarshe akwai 'yar rawar da ba ta ƙarewa, kuma wannan rawa tana haifar da ɗan turi mai ƙaruwa da sauri idan aka matse ƙwayoyi. A yau da kullum ba a kula ta, don manyan ƙarfi sun danne ta. Amma idan ja da turi suka yi canjaras, suka cinye juna, sai ƙaramar ta zama ita ce mai yanke hukunci. Dmitry Petrov ya hango haka a takarda a 2015 don cakuɗen gas iri biyu, kuma Leticia Tarruell ta tabbatar da shi a Barcelona da fotashiyam. A 2016 mutanen Stuttgart suka kashe tarkon gaba ɗaya, suka bar filin da ke hana ɗigon faɗuwa kawai, ɗigon ya riƙe kansa bai watse ba. Gas ne ya koma ruwa, ruwan da ya fi na randa sirantaka sau miliyoyi. A ganin mai wannan sharhi, wannan ne wuri mafi daɗi a labarin duka: lissafi ya gaza a gaban idon kowa, kuma abin da ya cike giɓin wani saƙo ne da ya kwana kusan shekara 60 cikin mujalla.

Me ya sa jayayya tsakanin ƙarfin kusa da na nesa take haifar da zane? Amsar tana shimfiɗe a ƙasar Nijar, a kan tuddan da ke kewaye da Yamai. Wanda ya dubo daga jirgin sama zai ga daji ya tsaru layi-layi, ratsin bishiyoyi da ratsin faƙo suna bin juna kamar an sa igiya an auna. Faransawa masu nazarin hotunan sama suka ba shi sunan dajin damisa a shekarun 1950. Babu wanda ya shuka shi haka. Bishiya tana taimakon ta kusa da ita, da inuwa da ganyen da ke ruɓewa da ƙasar da saiwa ta sassauta har ruwa ke shiga. Amma saiwarta tana miƙewa nesa ta shanye ruwan da wata za ta sha. Taimako a kusa, gasa a nesa, ga ruwan sama bai wadata ba: sai tazara ta musamman ta fito da kanta. René Lefever da Olivier Lejeune sun rubuta lissafin a Brussels a 1997. A kan gangare layuka ake samu, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa, gwargwadon ruwan shekara, ana samun tsibiran bishiya cikin faƙo, ko hanyoyi masu murɗewa, ko ramukan faƙo cikin daji. Lissafin da Yong-Chang Zhang da Fabian Maucher da Thomas Pohl suka yi a 2019, da wanda mutanen Stuttgart suka fitar a 2021, ya nuna gas mai maganaɗisu yana bin jerin nan: ɗige-ɗige, layuka, murɗaɗɗun hanyoyi, saƙar zuma. Bambancin dai a bayyane yake. Daji rana da ruwa ne ke tuƙa shi, babu kwantam a cikinsa, kuma bishiya ba ta zama a layi biyu a lokaci guda. Ƙwayar disfirosiyam kuwa tana iya zama cikin dukan ɗigon a lokaci guda, kuma daga nan maganar daskararre mai gudana ta taso.

Tambayar tsohuwa ce. Eugene Gross ya taɓo ta a 1957, Alexander Andreev da Ilya Lifshitz suka zayyana ta a Rasha a 1969, Geoffrey Chester da Anthony Leggett suka ƙara a 1970. Kowa ya sa ido a kan daskararren hiliyam. Leggett ya ba da hanyar gwaji: a juya shi, in wani ɓangare nasa ba ya jin tirjiya, zai ƙi bin juyin, abin ya yi kamar ya rage nauyi. A 2004 Eun-Seong Kim da Moses Chan na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka sanar sun ga hakan. Sun rataye ɗan gwangwanin hiliyam a jikin sanda mai murɗawa hagu da dama, da sanyi ya kai wajen Kelvin 0.2 sai murɗawar ta ƙara sauri. Duniyar fiziks ta ɗauka, wasu ɗakunan bincike suka maimaita suka ga alamar. Amma a 2007 James Day da John Beamish a Alberta ta Kanada suka gano hiliyam ɗin yana ƙara tauri a daidai wannan sanyin, kuma taurin kaɗai ya isa ya sauya saurin murɗawa. Chan bai tsaya kare sunansa ba. Ya sake ƙera na'urar yadda tauri ba zai shafe ta ba, ya gwada, alamar ta ɓace, kuma a 2012 shi da kansa ya buga sakamakon da ya rushe aikin da ya fi ɗaukaka shi. Samun irin wannan mutum ya fi samun sufasolid wuya, kuma duk malamin kimiyya ya kamata ya ba ɗalibansa labarinsa.

Daga nan fage ya koma hannun masu gas. A Zurich ta Suwizalan, Tilman Esslinger ya sa rubidiyam tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna. Hasken da ƙwaya ɗaya ta watsa yana kai da komowa tsakanin madubin, ya taɓa kowace ƙwaya, ta kusa da ta nesa daidai, saboda haka hasken ya zama ɗan aike mai haɗa su duka. A 2016 suka haɗa wannan ƙarfin nesa da turin karo cikin ragar haske, wato gurabe da aka saƙa da lesa, suka zana taswirar yanayi huɗu da ake ratsawa ta hanyar murza maɓalli biyu: mai gudana, mai kafewa ƙwaya ɗaya a kowane gurbi, mai cika gurbi ɗaya ya tsallake ɗaya, da mai haɗa tsallaken da gudana. A 2017 su da Ketterle, kowa ta hanyarsa, suka nuna alamun sufasolid. Masu suka sun ce da sauran magana, don tazarar layukan hasken lesa ne ya ƙayyade ta, ba ƙwayoyin ba, kuma daskararren da ba ya iya girgiza bai cika daskararre ba. Sukar tana da tushe.

Gwaje-gwajen 2019 ne suka amsa ta. Giovanni Modugno a Pisa da Pfau da Ferlaino sun gano wani siririn tsakani: in aka rage turin karo da yawa, ɗige-ɗigen sukan rabu kowa da harkarsa, in ba a rage sosai ba gajimare ya zauna sumul, amma a tsakiya ɗige-ɗigen suna fitowa alhali wani siririn gas yana haɗa su. Yadda ake tabbatarwa abin kallo ne. Ana kashe tarko, ɗige-ɗigen su buɗe su shiga juna, igiyoyinsu su bar zanen ratsi-ratsi, a ɗauki hoto. Hoton yana hallaka gajimaren, saboda haka sai a sake dafa wani daga farko, cikin ƙasa da minti ɗaya, a sake ɗauka, haka sau ɗaruruwa. In ɗige-ɗigen ba su san juna ba, ratsin yakan faɗo wuri dabam kowane karo. In igiya ɗaya ce, yakan faɗo wuri ɗaya kullum. Ya faɗo wuri ɗaya. A Pisa da Stuttgart yanayin bai wuce 'yan gomman milisakan ba, a Innsbruck ya haura milisakan 150. Kafin shekarar ta ƙare aka girgiza shi aka ji yana amsawa da sauti iri biyu, ɗaya na jerin ɗige-ɗige, ɗaya na gas mai kwarara a tsakaninsu. A 2021 Innsbruck ta faɗaɗa layi ɗaya zuwa shimfiɗa mai ɗigo shida kewaye da ɗaya. A Nuwamba 2024 suka juya filin maganaɗisu suka dama shi, ƙananan guguwoyi suka bayyana a ratar da ke tsakanin ɗige-ɗigen, kowace da adadin juyi ƙayyadadde wanda ba a raba shi biyu. Irin wannan guguwa ita ce hatimin ruwa marar tirjiya.

Wasu suna bin wasu hanyoyin. A Harvard, Mikhail Lukin yana kumbura ƙwayoyi da lesa har lantarkinsu na waje ya yi nisa da cibiya, su riƙa jin juna daga tazara mai yawa, ya jera 51 a 2017, ya kai 256 a 2021. Markus Greiner ya zuba arbiyam cikin ragar haske a 2023, ya ɗauki hoton ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya suna tsara kansu layi-layi ko gida-gida. A Yuni 2024 Sebastian Will na Jami'ar Columbia a New York ya dunƙule tagwayen sodiyam da siziyam, 'yan ɗaruruwa, a kan kashi 5 cikin biliyan na Kelvin, suka rayu kusan sakan 2. Ƙarfin nesa na irin waɗannan tagwaye na lantarki ne, ya fi na disfirosiyam nesa ba kusa ba, kuma can ne ake sa ran ganin yanayin da ko a takarda ba a gama zana su ba.

Mai karatu yana da haƙƙin tambayar amfanin wannan duka, kuma ya cancanci amsa ba tare da ƙari ba. Sufasolid ba zai kawo wuta Gwiwa ba, ba zai sanyaya tumatir ba, kuma duk wanda ya ce zai shiga kasuwa nan da shekara biyar talla yake yi. Amfaninsa shi ne ya zama abin gwaji ga matsalolin da ba a iya taɓawa. Akwai tauraron da ake kira Vela, gawar wani babban tauraro ce, faɗinta kusan kilomita 20 amma ta fi rana nauyi, tana juyawa sau 11 a sakan. A hankali juyinta yake raguwa, sai a 1969 aka ga ta zabura ta ƙara sauri farat ɗaya, kuma tana maimaita haka duk bayan 'yan shekaru. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ɓawonta daskararre ne mai ruwan nitiron marar tirjiya a cikinsa, guguwoyi suna maƙalewa a jikin ɓawon, su taru, su kuɓuce gaba ɗaya. Babu mai zuwa can ya duba. A 2023 masanan Innsbruck da na Gran Sasso a Italiya suka nuna a kwamfuta cewa sufasolid na disfirosiyam yana irin wannan zabura. Haka kuma sinadaran tagulla da Georg Bednorz da Alex Müller suka gano a 1986, masu ɗaukar lantarki ba asara a sanyin da bai kai tsananin wanda ake buƙata a da ba: a 1995 John Tranquada ya ga lantarki yana jeruwa layi-layi a cikin wasunsu, kuma har yau ana gardama ko layukan taimako suke yi ko cikas. Lissafin ya fi ƙarfin kowace kwamfuta. Richard Feynman ya ba da shawara tun 1981 cewa a gina wani abin kwantam mai biyayya a sa shi ya kwaikwayi marar biyayya, kuma gas mai sanyi shi ne mafi biyayya da aka samu.

Abin da ya riga ya shigo rayuwa shi ne kayan aikin da aka ƙera a hanya. Agogunan da duniya ke daidaita lokacinta da su ƙwayoyin siziyam ne da aka sanyaya da lesa. A 2022 masanan Jami'ar Birmingham a Ingila suka gano ramin da ke ƙarƙashin titi ta hanyar sakin ƙwayoyi masu sanyi da auna yadda nauyin ƙasa ke jan su. A yanki mai duwatsu irin na Kazaure da Roni, inda ake haƙa rijiyar burtsatse a tarar da dutse, na'urar da ke jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ƙaramin abu ba ce, ko da yake tsadarta a yau ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma.

Gina ɗakin gas mai sanyi yana son lesa masu tsada, wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana, ɗakin da zafinsa ba ya motsi, da ƙwararrun da za su shekara suna daidaita madubai. Wannan ba aikin bana ba ne. Amma rabin fagen lissafi ne. Petrov da lissafi ya hango ɗigon, ba da lesa ba. Zanen saƙar zuma da murɗaɗɗun hanyoyi a kwamfuta aka fara ganinsu, ta hanyar warware ma'auni guda mai suna Gross da Pitaevskii da aka ƙara wa gyaran 1957, kuma ƙananan misalansa kwamfutar cinya mai kyau tana iya ɗauka. Yawancin takardun baya-bayan nan da aka ambata a nan suna nan kyauta a rumbun arXiv. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964 tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa karatun shekara ɗaya da tallafi, cibiyoyin lissafi na AIMS a Afirka ta Kudu da Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda suna yin haka, kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudirin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 shekarar kimiyyar kwantam.

A kusa da gida akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, akwai sashen fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero. Abin da zai kai ɗan Gwiwa ƙofar waɗannan shi ne ƙarin lissafi a babbar sakandare, darasin da ɗalibai da yawa suke gudu, da malamin fiziks da ke zaune a makarantar ba mai zuwa sau ɗaya a mako ba. Kira ga shugabannin makarantu da hukumar ilimi ta jiha shi ne su cike waɗannan gurabe biyu a Gwiwa da Roni da 'Yankwashi, kuma sabuwar jami'ar Babura ta ɗauki masana fiziks na lissafi tun yanzu, ta ba su kwamfutoci da wutar rana, don wannan ɓangare na binciken ba ya jiran lesa.